Zaren da na gani a kakin Baffa Buba

Har gobe ban manta da ranar Talatar da Baffa Buba ya kwance ƙullinsa a gaban tagar ɗakin gwaji ba. Lokacin ina mataki na takwas na aikin gwamnati, a wani asibiti da ke yankin Kazaure, damina ta zo ƙarshe. Aikina shi ne duba kaki. Mai tari zai tofa a ƙaramar kwalba, in shafa a gilashi, in zuba rini, in sa a madubin da ke ƙara girman abu. Ƙwayar tarin fuka ja take fitowa, sauran komai shuɗi. Takardar sakamako gida biyu gare ta: akwai, ko babu.

Baffa Buba dattijo ne daga wata ruga a wajen Gwiwa, yana noma yana kiwo. Yana da ciwon suga, kuma ya yi tarin fuka, ya sha maganin wata shida, aka sallame shi. Ba a jima ba tari ya dawo, har da jini. Sau biyu ana turo min kakinsa ina rubuta "babu". Sai a ba shi maganin kashe bakteriya, ya ji sauƙi na mako guda, abu ya dawo ɗanye. Mutum yana ta ramewa, riga ta fara yi masa yawa.

Malam Sabo, jami'in da ke kula da masu tarin fuka, mutumin kirki ne amma yana da saurin baki. Ya riga ya yanke hukunci. Ranar nan ina jin sa ta taga yana cewa, "Baffa, mu daina ɓoye-ɓoye. Ku mutanen ruga da kun ji sauƙi sai ku jefa magani a rumbu. Ba ka shanye ba, ka faɗa min gaskiya."

Dattijon ya ciro wani tsohon ƙyalle daga aljihu, ya kwance, sai ga fankon magani sun zubo, na wata shida da na bayansu, duk an ɓare.

Ya ce, "Ɗana, ban iya karatu ba, shi ya sa na adana. Ko azahar na makara, wannan ban makara ba. In mutuwa ce to, amma kada a ce na yi ƙarya."

Wallahi ni na san abin da Malam Sabo bai sani ba. Duk sau biyun da na duba kakin, na ga wasu zaruruwa masu rassa kamar saiwar gero, ƙwayoyin bakteriya sun taru a jikinsu. Fumfuna ce, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku. Amma a wajenmu an saba, in ka ga haka sai ka ce dattin kwalba ne ko na baki, ka wuce. Ba ja ba ne, ba a tambaye ka ba. Haka na tarar ana yi, haka na yi.

Na fito na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, a sake min ɗaya." Na ba shi ruwa ya kurkure baki, na ɗauko sabuwar kwalba, na tsaya a kansa ya tofa. Na duba, zaren nan yana nan, har ya fi na da yawa. Tunda babu gidan da zan cike, sai na rubuta a ƙasan takardar, na kai wa Dakta Hauwa da hannuna, ita ce likitar da ke duba marasa lafiya na waje.

Ta karanta, ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta kalla, ta ce, "Tun yaushe kake ganin wannan?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, wata uku ke nan."

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi ya fi min sauƙi. Ta nuna min wani kogo a saman huhun. Ta ce tarin fuka ne ya bar shi, suga kuma ya raunana garkuwar jiki, sai fumfuna ta samu ɗaki ta tare. Bakteriya kuma suna laɓewa a cikin zarenta, magani ba ya kai musu sosai. Wani lokaci su biyun faɗa suke yi, to da an kashe bakteriyar sai fumfuna ta ƙara samun fili. Ashe muna ta yi mata shara.

Ta tambayi Baffa inda yake kwana. Ya ce ɗaki ɗaya da harawar da yake ajiye wa shanu, kuma in ruwa ya taɓa ta ta yi baƙi, shi ke kakkaɓe ta da kansa, don ba ya yarda da hannun kowa. Ta ce daga yau ya bar wannan aikin, ta rubuta masa takarda zuwa babban asibiti a Kano. Can aka yi gwajin jini da wani hoton, aka tabbatar, aka ɗora shi a kan maganin fumfuna na watanni.

Ya rayu, alhamdulillahi. Amma numfashinsa bai koma daidai ba, bin shanu ya ƙare masa. Na sha tambayar kaina ko wata ukun nan da na yi shiru su ne suka ci wannan numfashin. Likita ta ce ba wanda zai iya sani. Ni dai abin bai bar ni ba.

Ku da kuka zo aikin ɗakin gwaji yanzu kuna da inji, ku zuba kaki ya ba ku amsa. Madalla. Amma inji ma abin da aka tambaye shi kawai yake faɗa. Abin da idonka ya gani ka rubuta shi, ko babu gidansa a takarda, kuma kafin ka ƙaryata mara lafiya ka fara tuhumar gilashinka.

Bayan kusan shekara Baffa ya zo duba suga. Ya nufi teburin Malam Sabo, ya fara kwance ƙyallen nan, fankon sabon maganin ne a ciki. Malam Sabo ya miƙe tsaye, ya riƙe masa hannu biyu, ya ce, "Baffa, don Allah mayar da ƙullinka. Maganarka ta isa."