Yawun Rediyo

Uwarsa ce ta laƙaba masa Rediyo tun yana goye, don ko nono yake sha sai ya saki ya yi gwaranci. Da ya girma kuma, Allah da ikonsa, sai ya samu aiki inda aka fi ƙin surutu a duniya: ɗakin gwaje-gwaje na masu binciken bairos, wato ƙananan ƙwayoyin cuta.

Akwai bairos mai ɗauke da saƙonsa a wani siririn zare da ake kira RNA, tare da sinadarin da ke kwafe zaren, wanda Rediyo ya raɗa wa Magatakarda. In bai kwafa ba, cutar ba ta yaɗuwa. Aikin Rediyo shi ne ya liƙa wa zaren ɗan ƙulli na sinadari, a ga ko Magatakarda zai yi tuntuɓe. Sai dai zaren nan rago ne, ɗigon yawu ya isa ya lalata shi. Shi ya sa kowa ke sa takunkumi ya yi gum. Na Rediyo a haɓa yake wuni, wai yana danne masa murya.

Ran nan sakamako ya fito: Magatakarda bai kwafi komai ba. Rediyo ya buga wa kowa waya, har surukarsa, ya ce ya gama da cutar. Shugabar ɗakin ta duba, ta tarar babu zaren ma, balle kwafi. Ta tambaye shi abin da yake yi lokacin haɗawa. Ya ce ba komai, labarin akuyar da ta cinye masa takalmi kawai yake ba mai shara.

"Yawunka ne ya cinye mana aiki," in ji ta. "Ka sake, baki rufe. Ko tari na ji, ka koma wankin kwalabe."

Kunya ta kama shi, ga tsoron kwalabe. Ya ja takunkumi, ya yi aikin idanu jajur, labari ya taru masa a maƙogwaro har yana gumi. Wannan karon Magatakarda ya kama kwafi tiryan-tiryan, ya iso kan ƙullin, ya cije. Rediyo ya yi murna har da ƙwalla.

Tun daga ƙofar gida ya fara ba matarsa labari, bai dire ba har abinci ya huce. Ta saurara tsaf, ta tura masa kwano.

"Baban yara," ta ce, "wannan ƙullin naku, ana iya liƙa wa mutum?"