Ranar da Na Yi wa Kawu Tafinta

Shekarar da kacala ta gama toshe rafin ƙauyenmu ina koyarwa a wata firamare kusa da Guri. Kacala doguwar ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, in ta kama rafi sai ta shaƙe shi. Ruwan da ya saba gangarowa fadamarmu ya juya ya malale gonakin maƙwabta, su suna kukan ambaliya, mu ƙasarmu na tsagewa.

Wata Laraba mai unguwa ya aiko a kira ni. Baƙi za su zo daga wata ƙungiyar tallafi, ba sa jin Hausa, ni ne mai Turanci a kusa. Da hantsi suka iso cikin farar mota, wata mata 'yar kudu mai fara'a da wani Bature da rana ta gasa masa wuya. Aka zauna a gindin tsamiya. Matar ta ce sun zo ne su ɗaga ƙananan manoma har shinkafarsu ta yi gogayya da 'yar waje a kasuwar Haɗejiya. Na fassara, aka yi ta gyaɗa kai.

Sai kawuna, wan mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi, ya gyara zama.

"Faɗa mata iri muna da shi tun na kakanni," in ji shi. "Noma kuma ba sai an koya mana ba. Ruwa ne ba ya zuwa. A kawo injin da zai buɗe rafin nan, sauran aikin namu ne."

Na faɗa mata yadda ya ce. Ta duba takardar hannunta, ta nuna min gurabe huɗu: iri, taki, horo, kasuwa. Ta ce gyaran rafi ba ya cikin aikinsu. In zaɓa masa wanda ya fi kusa da buƙatarsa, don in aka bar takardar ba a cike ba, sunan ƙauyen zai fita.

Na dubi mutanen da suka baro aikinsu suka zuba min ido. Na ce ta rubuta iri.

"Me ta ce?" Kawu ya tambaya.

"Ta ce sun ji, Kawu. Za su duba."

Irin ya zo kan lokaci, kuma mai kyau ne, ba zan ci haƙƙinsu ba. Aka kwashi manoma zuwa Haɗejiya horon kwana uku, suka dawo da huluna masu tambari. Kawu ya ajiye tsohon irinsa mai jure ƙishi, ya shuke fadamar kaf da sabon.

"Tunda iri ya iso, injin ma na hanya," ya ce min.

Da aka ga shiru, maza suka yi gayya suka shiga rafin da lauje, ruwa iya ƙirji, matsattsaku na manne musu a cinya. Suka buɗe 'yar siririyar hanya. Kafin wata ya zagayo kacala ta mayar da ita. Shinkafar ta yi ciki, sannan ta bushe a tsaye. Ɗan abin da ya nuna, tsuntsayen jan-baki da ke kwana cikin kacalar suka sauka suka cinye.

Bayan kaka baƙin suka dawo da na'urar ɗaukar hoto. Suna son manomi riƙe da damin shinkafa. Babu dami a ƙauyen, sai direbansu ya samo a wata gona a bakin titi. Aka miƙa wa Kawu, bai karɓa ba.

"Tambaye ta, ina injin?"

"Kawu, babu maganar inji. Tun ranar farko ta ce ba aikinsu ba ne. Ni ne na ɓoye muku."

Ya juyo gare ni. "Da ka faɗa min, ɗan nan, ai da na shuka nawa a rabi."

A wannan karon ban rage komai ba, na juye wa matar duk abin da ya faru, har da laifina. Ta juya bayan takardar ta yi rubutu mai yawa, ta ce za ta kai sama, kuma na yarda ta kai. Amma hoton sai da aka ɗauka, wani ne ya riƙe damin.

Da damina ta kewayo Kawu ya tafi wajen surukinsa a Birniwa, ya ari gonar tudu ya koma gero da wake da tsufansa, mutumin da ya yi rayuwarsa duka a fadama. Sai da aka yi watanni kafin ya amsa gaisuwata da abin da ya wuce "lafiya". Ƙungiyar ta cika wa'adinta ta tattara ta tafi. Ni kuwa na rubuta takarda uku zuwa ofisoshin da aka ce rafi a hannunsu yake. Ɗaya aka amsa, aka ce in kai ta wani ofishin.