Jan Kwaɗon Mai Rijiya

Tun da Mai Rijiya ya rasu, Allah ya jiƙansa, ruwa bai ƙara zuba a famfon gidansa ba. Ba a yanke wuta ba, rijiyar bayan gida ma ba ta ƙafe ba. Wani ɗan jan kwaɗo ne, bai kai tafin hannun jariri ba, rataye a murfin akwatin da ake kunna injin jan ruwa. Shi ya rataya shi da hannunsa ranar da ya kwance injin zai gyara. Ya fita sayen wata 'yar roba, ya dawo yana dafe da ƙirji. Daga nan sai asibiti, daga asibiti sai inda kowa zai je. An sami ɗan makullin a aljihun wandonsa, matarsa, wato yayata, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ce ba mai taɓa kwaɗon.

Ni na laƙaba masa Mai Rijiya tun yana neman auren Yaya, sunan ya bi shi har jikokinsa ba su san wani ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙa wa kamfani rijiyar mai, amma ko cikin cokali bai taɓa zuwa da shi gida ba. In babur ɗinsa ya shanye mai a hanya, sauka yake ya tura kamar kowa. In na gamu da shi in ce, "Ranka ya daɗe, mai rijiya da kansa?" Sai ya ce, "Zo ka kama mini, kai bakinka ya fi hannunka aiki."

Aikin nasa, yadda ya sha kwatanta mana, tsayuwa ce a kan wani dandamalin ƙarfe, ana ɗaura bututu a kan bututu ana zura su cikin ƙasa, laka tana fallatso maka har cikin wuya, inji yana ruri ba ya hutawa. Makonni a can, makonni a gida. Yakan dawo da jaka ɗaya, da warin giris wanda sabulu ya gaji ya ƙyale, da kunnen hagu da ya daina aiki, saboda haka ko sirri zai faɗa maka sai maƙwabta sun riga ka ji. Kwanakin farko barci yake kamar an jibge buhu. Yara su riƙa sanɗa, Yaya ta hana a bugo ƙofa. Ran da ya wartsake kuwa, fankoki da ƙofofi sun shiga uku, don ɗaki ɗaki zai bi yana neman abin da ya lalace. In bai samu ba, sai ya kwance mai lafiya ya duba me ya hana shi lalacewa.

Kusan duk haihuwar 'ya'yansa yana can aka yi, sai dai a gaya masa ta wayar ofis. Shi ya sa in yana gida ba ya yarda kowa ya kai su makaranta sai shi. Shi ke wanke musu kayan makaranta, yana dirza kamar kayan aikinsa har launin ya gudu. Tsarabarsa kullum takalma ce, kuma kullum sun yi kaɗan, don da ƙafar da ya bari yake aunawa, ya manta yara ba sa jiran kowa. Yaya ta karɓa ta yi godiya, washegari ta lallaɓa kasuwa ta canzo. Har ya bar aiki bai sani ba, yana ta yabon idonsa.

Kwaɗon daga wurin aiki ya zo da shi. Dokarsu ce a can, duk wanda zai sa hannu cikin inji sai ya kashe makunni, ya rataya kwaɗonsa, ya jefa makullin a aljihu. Muddin kwaɗon yana nan, ana ɗauka mutum yana ciki, kuma ba mai cirewa sai wanda ya sa, ko da manaja ne. Kafin a kafa dokar ya ga abin da inji ya yi wa wani abokin aikinsa da aka kunna yana ciki. Sau ɗaya ya ɗauko mini labarin, bai kai ƙarshe ba, ni ma ban nema ba. Tun daga nan ko ƙwan fitila zai canza sai ya kashe wuta ya rataya jan kwaɗo. Muka yi masa dariya har muka gaji, shi bai gaji ba.

Wata shekara ya koma aiki ya manta shi a layin wutar ɗakin girki, makullin kuma yana aljihunsa. Na zo da zarto, Yaya ta kore ni, ta yi ta girki da fitilar hannu har ya dawo. Da ya ga kwaɗon yadda ya bar shi, ya tsaya yana kallonsa, can ya ce, "Wallahi a wurin aiki ma ba kowa ba." Yaya ta ce wannan ce kalmar soyayya mafi tsawo da ta taɓa ji daga bakinsa.

Ta yi rayuwarta tana jiransa, har ta ƙware. Da ya ajiye aiki ta zaci jira ya ƙare, za su zauna su huce gajiya tare. Bai wani daɗe a gidan ba.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Auta, ƙaramar 'yarsu, ta tsaya da uwar. Ruwa sai daga famfon maƙwabta, bokiti bokiti, safe da yamma. Auta ta ɗauka har wuyanta ya sage, Yaya ma tana fakar ido ta ɗauka, ga gwiwarta dama can ba lafiya ba. Wanki ya taru a kwando, banɗaki sai da lissafi. Na kira mai gyaran wuta, ya ce abu mai sauƙi, zai ja wata waya ta bayan akwatin, kwaɗo yana wurinsa, ruwa yana zuwa. Yaya ta ce duk duniya ba abin da maigidan ya tsana kamar wannan dabarar. Ta ba shi ruwan bokiti ya sha, ta sallame shi.

Wata yamma na tarar da Yaya da Auta a tsakar gida, kowacce ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya.

Auta ta ce, "Mama, hutuna ya ƙare. Yara suna can sun mai da babansu abin tausayi. Ba zan tafi in bar ki kina jan bokiti da wannan gwiwar ba. Ko a buɗe injin nan, ko ki haɗa kaya mu tafi tare."

"Ba inda za ni. Kuma ba mai taɓa masa kwaɗo."

"Kawu, ka yi mata magana mana."

Na ce, "Ni? Tun ina goye a bayanta ba ta taɓa jin maganata ba." Amma dai na gwada. "Yaya, mai kwaɗon nan fa ba juyin aiki ya tafi ba."

"Na sani. Ba a gabana aka fita da shi ba? Bai gama aikinsa ba ne. Wanda ya sa shi ke cirewa."

A gajiye ta faɗa, tana matsa gwiwa. Auta ta shiga ɗaki ta fara ninke wa uwar kaya ba ta tambaye ta ba, Yaya kuma ta bi ta tana mayarwa cikin sif.

Ana gobe Auta za ta tafi, Heluma ya zo gaisuwa. Shi ne shugaban ayarin su Mai Rijiya a wurin aiki, labarin bai same shi da wuri ba. Tsoho ne da sanda, shi kunnen dama ne ya mutu, ban san yadda suka yi shekaru suna hira ba. Yana zaune Auta ta wuce da bokiti, ya tambaya, na kwashe labarin na gaya masa ina jiran ya taya ni dariya.

Ya ce, "Daidai ta yi."

Auta ta harare ni kamar ni na faɗa.

"Sai dai, uwar gida, ba a barin inji a tsaye har abada. In mutum ya sauka daga aiki ya bar kwaɗonsa, akwai yadda ake yi. Bai gaya muku ba?"

Yaya ta ce, "Bai gaya mana ba."

"Ina zai sani? A can bai taɓa mantawa ba. Ku kawai yake yi wa."

Ya miƙe da ƙyar muka zagaya bayan gida. Injin yana nan a buɗe, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Ƙusoshi da sifanu suna jere a kan tsumma, kowanne bisa yadda aka cire shi. Heluma ya ce, "Dubi jeri. Makaho ma zai mayar." Auta ta kawo ledar robar da uban ya sayo. Tsohon ya ce a bar kwaɗon tukuna, ai yanzu shi ne a ciki. Ya durƙusa yana nishi, ni ina miƙa masa kaya. Na miƙa sifanar da ba ita ba, ya dube ni ya ce, "Kai ne ƙanin matar? Haka ya ce kake."

Da ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya sa aka kwashe kayan gyara kaf. Ya zagaya injin yana leƙa ƙasa da sama, ya ce kowa ya ja baya. Sannan ya ɗaga murya ya kira Mai Rijiya da sunan da suke kiransa a wurin aiki, sunan da ban taɓa ji ba. Ya saurara. Ya sake kira. Ba a jin komai sai rediyon maƙwabta.

"Wa ya ga fitarsa?"

Na ce ni na gani.

"Ba kai ba. Mai wurin ake tambaya. Uwar gida, yana ciki?"

Yaya ta dubi injin. Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba ya ciki," in ji Yaya. "Ya tashi daga aiki."

"Da hannayensa duka biyu?"

"Da yatsunsa goma cif."

"To, a wurinmu wannan shi ne an gama lafiya. Mai wuri ke cirewa."

Ƙullin bakin zanen ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Ba wanda ya taimaka mata. Ta buɗe kwaɗon, ta ɗaga murfin, ta danna makunni. Injin ya yi tari kamar zai fasa, sannan ya kama. Muna tsaye muka ji ruwa yana hawa bututu zuwa tanki. Da Auta ta murɗa famfon tsakar gida, jan ruwa mai tsatsa ya fara zuwa, ta bar shi yana zuba har ya washe. Yaya ta tara hannu ta wanke fuska, ta nemi kujera ta zauna, kwaɗon a cinyarta.

Da safe Auta ta tafi ita kaɗai, tana ta jaddada wa uwar maganin gwiwa har mota ta tashi. Na dawo daga rakiya na samu wuri zan zauna, Yaya ta ce, "Kai da ba ka da aikin yi, kwashe bokitan nan ka mayar wa maƙwabta, ka yi musu godiya. Ka wanke su tukuna, yanzu ba ka da hujja."