Yaya Shafa'atu, Jininmu Ya Dace Amma Ba Ki Jira Ba

Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tashar Jonquet ana loda wa motata kayan Parakou, mijinki Alhaji Abdoulaye ya kira ni ya ce Allah ya yi miki rasuwa. Na ce masa ya sake dubawa. Sau biyu na faɗa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Bakina ya furta, amma har yau zuciyata ba ta gama yarda ba.

Ta yaya zan yarda, Yaya? Ranar Asabar ɗin nan na same ki a shagonki na atamfa a Zongo, kina yi wa wata Bayarabiya ciniki kina dariya.

Shekara bakwai ke nan da aka ce kina da sankarar jini, irin mai tafiya a hankali. Kullum ƙwaya ɗaya da safe, sai ki ɗaura ɗankwali ki hau zemijan, wato acaɓa, ki tafi kasuwa. Da yawa a unguwa ba su ma san kina ciwo ba. Abin da suka sani shi ne duk matar da ta zo daga Sakkwato ko Kano ba ta jin Faransanci, ke za ki rufe shago ki raka ta asibiti ki yi mata tafinta. Ni kuwa da Baba ya rasu ina ɗan shekara goma sha biyu, ke kika hana a cire ni daga lakwal, makarantar boko.

Bara maganin ya daina kamawa. Dokta Nimatou, likitar da ke duba ki, ta tara mu ƙannenki huɗu ta ce saura dashen ɓargo. Ta yi mana bayani cewa kowane mutum yana da wasu alamomi a ƙwayoyin jikinsa, da su garkuwar jiki ke gane nata da na baƙo. Rabi daga uwa ake gado, rabi daga uba, shi ya sa ake fara nema cikin 'yan uwa. Aka ɗebi jininmu aka aika waje. Bayan mako shida sakamako ya dawo: Lawal da Ikilima rabi, Labiba ba ko kusa, ni Kamaludeen kuwa nawa da naki ɗaya ne cif.

Kowa ya yi murna, ban da ni. Na ji likitar ta ce masu bincike sun lura wasu daga cikin alamomin nan sun fi yawa a jikin masu wannan ciwo, wasu kuma kamar suna ba da kariya. Sai na ce a raina, tunda namu ɗaya ne, ai ni ma yana tafe. Ta nanata mini cewa alamar ba ita ce cutar ba, ba a gadon ciwon, binciken ma bai kammala ba. Ban ji ba. Na yi kwana tara ban zo gidanki ba, ina jin kunyar tsorona.

Ke kika zo gidana a unguwar Vêdoko kika same ni, ruwan sama ya jiƙa miki mayafi. Ba ki yi faɗa ba. Kika ce: "Kamal, idan tsoro ne, ka bari, na yafe. Ba ɓargonka na zo nema ba, ƙanina na zo gani."

Washegari na sa hannu a takardar yarda da ba da ɓargo.

Kuma ke kika fara yarda a saka jininki cikin binciken, da kika ji an ce yawancin abin da aka sani daga Turawa da mutanen Asiya aka samo shi, namu kaɗan ne. Kika bi gidajen Zongo kina lallashin mata, har goma sha ɗaya suka bayar. Kin ce ko ke bai amfane ki ba, wata za ta zo a baya.

An sa mana tafiya Tunis don dashen ranar ashirin ga Yuni. Amma washegarin Asabar ɗin da na gan ki a shago, Lahadi, zazzaɓi ya kama ki, Litinin aka kwantar da ke, aka ce ciwon ya juye ya zama mai sauri. Na zo Talata, kika ce in je in yi aikina, da sauƙi. Na tafi. Wannan tafiyar ce ba ta bar ni in yi barci ba. Ranar sadakar uku aka kira ni daga ofis wai fasfo ɗina ya fito. Ban je karɓa ba tukuna.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya sa shekarun jinyar nan su zama kaffara, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Inna da Baba a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga Alhaji Abdoulaye, da 'ya'yanki Ikram da Djamila, da 'yan uwana, da matan Zongo da suka rasa mai raka su. Allah ya ba mu haƙurin da kika fi mu, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ƙaninki,
Kamaludeen