Wankan Da Na Yi Wa Ɗiyar Ƙanena

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke kwana taran da ɗiyar ƙanena ta yi a hannuna. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga soso da sabulun salo sai kunya ta rufe ni.

Ni mace ce mai ji da tsabta, duk unguwarmu a Malanville an san ni da haka, kuma bakina ba ya shiru. Ƙanena manomin albasa ne a ƙauyen Garou, yana da yarinya 'yar shekara huɗu wadda ciwon fata ya addaba tun tana goye. Bayan gwiwa, wuya, lanƙwasar hannu, duk sun bushe sun yi ja, kullum tana cikin susa. Wata rana na je bikin suna can, na tarar da uwarta tana shafa mata man kaɗe. Gida cike da mata, ni kuwa na buɗe murya.

"Mai kika shafawa bisa dauɗa? Wagga ƙazuwa ta, kuma ƙazanta ka kawo ta. Ba ni ɗiyar in gwada miki wanka."

Ta ce a hankali, "Yaya, na gwada. Ruwan zahi ba su yi mata."

Na yi dariya, mata suka taya ni. Ƙanena bai iya musa wa yayarsa ba, ranar na ɗora yarinya a babur muka taho gari.

Safe da yamma nake dirzar ta da ruwan zafi da soso. Mai kuwa na hana ko ɗigo. Tana ihu tana cewa, "Gwaggo, zahi!" ni ina ce mata dauɗa ce ke fita. Kafin mako fatar ta tsattsage tana tsattsafo da ruwa, riga na manne mata a jiki. Rana ta tara zazzaɓi ya rufe ta. Nan tsoro ya kama ni, na aika a kira uwarta, muka kai ta asibiti.

Likitan, wani dattijo, ya ɗaga rigar ya duba, ransa ya ɓaci. Ya juya wajen uwar ya ce, "Wa ya dirje yarinyar nan haka? Ke ba ki da tausayi ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri, likita."

Ina tsaye a gefe ina murza bakin mayafina. Kalma ɗaya ta isa in wanke ta, amma bakin nan nawa da ba ya shiru, ranar ya ƙi buɗewa.

Da likitan ya huce sai ya yi mana bayani. Ya ce wannan ba ƙazuwa ba ce, ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗauka. Da haka aka haifi yarinyar, fatarta ba ta riƙe ruwa da maiƙo. Ƙananan ƙwayoyin da suka gina fatar, abu kaɗan ke firgita su, sai su aika wa masu tsaron jiki saƙo. Ya ce kamar a yi ihun ɓarawo a kasuwa ne, jama'a su taso da sanduna, babu ɓarawo, su yi ta fasa rumfuna. Jan nan da kumburi da ƙaiƙayi, aikinsu ne. Duk susa, duk dirza, sabon ihu ne ake ƙarawa. Ya rubuta magani na sha da na shafawa, ya ce a bar soso, a yi wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, kuma kada a rabu da mai ko rana ɗaya. Wato abin da na yi wa baiwar Allah dariya a kansa ke nan.

A bakin ƙofa ta goya ɗiyarta ta ce, "Mun gode da ɗawainiya, Yaya." Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Mako uku ina fama da kaina kafin na shirya na tafi Garou. Na zaɓi ranar da mata ke taruwa bugun shinkafa, don a gabansu na ci mutuncin uwar yarinyar. Na faɗi komai, har shirun da na yi wajen likita. Ta ce, "Ba komi, Yaya, ke ma lahiyarta kika nema." Na miƙa hannu in ɗauki yarinyar, fatarta ta fara kwantawa. Tana ganina ta ruga bayan uwarta ta riƙe zane. Nan na zauna a ƙasa na yi kuka.

Yanzu ta girma, ciwon yakan taso ya lafa, kuma muna shiri. Abin da na koya shi ne in saurari wanda ke zaune da matsala kafin in buɗe baki, don ya fi ni saninta. Wankan nan da jahilci na yi shi, ina fatan Allah ya yafe. Shirun da na yi kuwa, aka zagi wata a kan laifina, da sanina na yi shi, kuma shi ne har yau nake jin kunyarsa.