Mutumin Da Ke Barin Ƙofofin Motoci A Buɗe

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe ɗakin, kuma sai ya yi sallama kafin ya sa ƙafa, alhali ya san babu kowa a ciki. Ya zuge labule, ya ɗauki burushi mai laushi irin na masu aski, ya bi kantoci yana kaɗe ƙura. Motoci ne jere a kansu, sun haura ɗari biyu, kuma babu wadda ta fi tafin hannu tsawo sosai. In ya gama ya zauna a teburinsa, ya maƙala tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ya ja hantsaki da magagari da ƙarfen narka dalma. Daga nan ba ka ƙara jin bakinsa sai azahar.

Baban Motoci muke ce masa a layinmu. Shekara talatin da biyu ya yi a gareji yana buga jikin motocin da suka yi hatsari, ƙananan kuwa sha'awa ce kawai. Ya tsinto motar wasan yara da ta karye, ya kankare ta, ya yi mata sabon fenti, ya yanka mata gilas daga robar kwalba. Wata kuma ya ƙera ta tun daga tushe da gwangwani da waya. Waɗannan su ne a kantocin ƙasa, kuma kowa na iya taɓawa.

Na kantar sama ne ba a taɓawa. Su arba'in da ɗaya ne, duk sun fuskanci ƙofar ɗaki, kuma kowace an taɓa mutuwa a cikin babbarta. Masu mamaci ne ke zuwa da hoto su roƙe shi ya ƙera musu. Wasu su tafi da ita gida, wasu su kalle ta sau ɗaya su ce ya ajiye musu a wurinsa. A kowace mota yakan bar ƙofar wurin da mamacin ya zauna a buɗe. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Ban iya rufe mutum a ciki ba," ya ci gaba da aikinsa.

Telan da shagonsa ke manne da ɗakin ya sha rantse mini cewa da rana tsaka, babu iska babu komai, yakan ji ɗan ƙaramin ƙas ta bango, kamar an rufe murfin agogo. Ni ban taɓa ji ba. Abin da na sani shi ne, duk zafin gari, in ka tsaya a gaban kantar nan sai ka ji tsigar jikinka ta tashi, kuma muryarka ta yi ƙasa ba tare da an ce ka yi ba.

Ina da baki, kowa ya shaida. Na sha ce masa, "Baba, kai da aljanunka kun tashi lafiya?" Sai ya ce, "Sun tashi, suna gaishe ki." Ban san wata rana ni ma zan shigo masa da hoto ba.

Shekara goma sha tara da suka wuce mahaifinmu ya rasu a mota, Yayanmu ne ke tuƙi. Hanya miƙaƙƙiya, rana tsaka, motar ta saki titi ta daki ginshiƙin gada. Yaya ya fito da karaya a hannu. Abu ɗaya ya riƙa faɗa a asibiti: "Sitiyarin ne ya ƙi ji." Babu wanda ya yarda. Dangi suka ce barci ya yi, ni ma haka na ce, kuma na faɗa masa a fuska ranar da muka yi faɗa. Inna ba ta taɓa zarginsa da baki ba, amma tun daga ranar ta daina kallon idonsa in tana magana da shi. Yaya bai ƙara riƙe sitiyari ba, bai yi aure ba, ya koma ɗakin baya yana rayuwa kamar baƙo a gidan ubansa. Bara likita ya ce zuciyar Inna ta yi rauni sosai. Tsoro ya kama ni cewa za ta tafi ba ta kalli ɗanta ba.

Ban je wurin Baban Motoci don wannan ba, gaskiya. Inna ce ta ce tana kewar motar, ni kuma na ga abin da zan iya yi mata ke nan. Ya karɓi hoton, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Gawarta tana ina?"

Na ce, "Gawar wa?"

"Ta motar."

Ashe haka yake aiki. Ba ya ƙera motar kantar sama daga hoto kaɗai. Sai ya nemo ragowar babbar, ya auna ta, ya kwafe komai har abin da ido ba ya gani a ƙarƙashi, kuma ba ya gyara wa mota aibinta. In an taɓa lotsa ta, ƙaramar ma za ta lotse a wurin. Na ce, "Haba Baba, wa zai leƙa ƙarƙashin abin wasa?" Ya ce, "Ni."

Mako uku dattijon nan yana yawo a filayen masu tsofaffin ƙarafa. Ya same ta a bayan wani fili, ciyawa ta fito ta cikin gilas. Mai filin ya ba ni labari cewa ya ga tsoho ya yi wa mota sallama, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi da tef da ɗan littafi, bai fito ba sai da shi mai filin ya ɗauka ya suma. Da ya fito ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Wata biyu bayan nan ya aiko a kira mu, ya ce mu uku yake so. Da ƙyar na ja Yaya. Muka shiga da hantsi, Inna ta zauna a kujerar Baban Motoci, shi kuma ya yaye ƙyalle. Wallahi sai da na ja da baya. Motarmu ce, shuɗiya, kamar yadda take da safen ranar. Ga tsagar gilas ta gefen hagu, ga kujerar mahaifinmu da ta lotsa ta inda yake jingina. Ƙofar mahaifinmu a buɗe take. Ta direba ma a buɗe.

Na ce, "Baba, ka yi kuskure. Mutum ɗaya muka rasa."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ni biyu na ga ba su fito ba." Sannan ya miƙa wa Yaya hantsaki. "Ɗana, juya mini sitiyarin nan."

Yaya ya sa hantsakin ta tagar motar ya juya. Tayar dama ta juya. Ta hagu ta tsaya cak. Ya sake juyawa, ta ƙi. Ɗakin ya yi tsit har ina jin keken telan ta bango.

Baban Motoci ya kifa motar a tafinsa, ya nuna wani siririn ƙarfe da ke haɗa sitiyari da taya. A tsakiyarsa akwai ɗigon dalma da bai kai ƙwayar gero ba, kuma a daidai nan ya rabu biyu. Ya ce, "Haka na same shi a babbar. Ƙarfen nan ya taɓa karyewa aka yi masa walda, shi kuwa ba a yi masa walda, sauya shi ake yi. A kan waldar ya sake ɓallewa. In ya ɓalle ana gudu, ko wane ne a kan sitiyari babu abin da zai iya."

Inna ta dafe ƙirji. Ta ce, "Walda?" Sannan a hankali ta ce, "Ana saura kwana huɗu a yi hatsarin mahaifinku ya ce mini ya biya wurin mai walda, wai ɗan abu ne ya saki a ƙasa. Ban taɓa haɗa su ba. Ya Allah, ban taɓa haɗa su ba." Ta ɗago kai ta kalli Yaya, ido cikin ido, ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro. Ni kuwa mai baki, kunya ta rufe ni, na durƙusa na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Yaya bai yi kuka a nan ba. Ya karɓi motar, ya ajiye ta a kan tayoyinta, ya sa ɗan yatsa ya tura ƙofar direba. Ta rufe, ƙas. Telan ya ce wannan karon ma ya ji.

Baban Motoci, kai ne ka kwanta a ƙasa cikin tsatsa don ƙarfen da babu wanda ya ce ka duba. Mu da muke jini ɗaya da Yaya mun shekara goma sha tara ba mu leƙa ƙarƙashin maganarsa ba, kai da ba ka san shi ba ka leƙa. Mai haƙurin hantsaki, ka maido mana da mutum yana da ransa.

Yanzu idonsa ya yi rauni. Tabarau biyu sun daina isa, kuma watan jiya ya naɗe kayan aikinsa a ƙyalle ya ce ya gama. Tamu ce ta ƙarshe da ya ƙera. Inna ta ce a bar ta a kantar sama, ita ce ta arba'in da ɗaya, kuma Yaya ne ke kai ta gani duk mako, a motar maƙwabci ko da yake layi ɗaya ne, shi ke tuƙawa. Yana tafiya a hankali kamar mai koyo, ina zaune a baya ina tsokanarsa.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu karatu, duk sana'ar da kuke yi, ku riƙa duba ɓangaren da babu mai dubawa, don wataƙila akwai wanda ke jiran abin da za ku gani a wurin. In kun bi ta layinmu da safe ku shiga ku gaishe shi, har yanzu shi ke kaɗe ƙurar da kansa, da lalube. Ku yi sallama kafin ku shiga, ko da kun ga ba ya ciki.