Taken Haladu

Sunansa Maikuɗi, amma duk wanda ya ga babur ɗinsa ya san suna ne kawai. Makaɗin noma ne, ɗan makaɗin noma, haifaffen wata ƙaramar unguwar Maguzawa a bayan Gozaki. Ya fi shekara talatin yana goye da ganga yana bin ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, da fari a ƙafa, daga baya a keke, yanzu kuma a wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura shi an haɗa masa da zagi.

Gayya ce ta raine shi. Idan manomi ya tara jama'a su taya shi huɗa, Maikuɗi ne ke bin bayan masu garma yana zuga su. Kowane gwarzon manomi yana da takensa, ɗan kiɗan da nasa ne shi kaɗai, wanda da ya ji shi zai manta da ciwon baya ya wuce sa'o'insa. Maikuɗi yana riƙe da taken mutum sama da ɗari biyu a kansa, bai taɓa kaɗa wa wani na wani ba. Akwai kuma abin da ya gada a wurin ubansa: in mai take ya mutu, makaɗi zai je ƙofar gidansa da safe ya kaɗa taken sau uku a hankali, na ukun ya yanke shi a tsakiya. Daga ranar ba zai ƙara kaɗa shi ba. Haka gidansu suke yin ta'aziyya.

Gayyar kuwa ta riga shi mutuwa. Maganin feshi ne ya fara cin ta, 'yan bindiga suka ƙarasa. Wane mai hankali ne zai tara mutum arba'in a gona, ya sa a buga ganga, ya sanar da na cikin daji inda suke? Abin da ya rage wa Maikuɗi shi ne suna da ƙananan bukukuwa, a gidajen da ba su iya ɗauko samarin nan masu sifika ba. Ko can ɗin ma cikin zaure ake tura shi, a ce ya ɗora tsumma a kan fatar kada sauti ya fita gari. Gangar da ake ji daga ƙauye uku, yanzu tari take yi kamar mai mura. A hanya 'yan sa-kai su tsayar da shi su jijjiga ta, wai ko ya ɓoye harsashi a ciki. In an sallame shi da masara ya ɗaure a bayan babur, in an sallame shi da Allah Ya saka ma ya karɓa. A damina biyu kacal ya yanke take goma sha tara, kuma a cikinsu mutum huɗu ne kawai suka mutu a kan shimfiɗarsu.

Saura guda ɗaya da ya kamata ya yanke bai yanke ba, taken Haladu na Unguwar Ɗorawa, yamma da Tsiga. Haladu dogo ne mai son dariya, irin manomin da ke gama kunyarsa ya juyo ya taya na baya yana yi masa tsiya. Duk zuwan da Maikuɗi zai yi yankin, a zaurensa yake sauka. Da kakar bara aka ɗauke Haladu a gonarsa ta bakin daji yana cikin yankan dawa. Sau ɗaya aka kira waya, daga nan shiru. Ya bar matarsa Rabi da 'ya'ya mata uku da mahaifiyarsa Inno, wadda idonta ya soma tafiya.

Bayan wata biyu Maikuɗi yana kiɗan suna a Malumfashi, sai wani ramammen mutum mai suna Sada ya matso ya zauna kusa da shi. Idon sawunsa duk tabon sarƙa ne, bai daɗe da fitowa daga daji ba. Da aka tsagaita, ya soma buga cinyarsa da yatsu.

"Makaɗi, ka san mai wannan?"

Taken Haladu ne, ba ƙari ba ragi.

"Sarƙa ɗaya aka ɗaure mu da shi," in ji Sada. "Kullum shi yake bugawa a gwiwarsa, har na haddace. Zazzaɓi ne ya kama shi. Kwanansa ashirin ya cika. Ni da wani aka sa muka kai gawarsa kwazazzabo."

Washegari Maikuɗi ya kama hanyar Unguwar Ɗorawa da niyyar yin abin da ya gada. Sai dai tun kafin ya kwance gangar, Rabi ta fito da ruwa a kwanon sha na mijinta.

"Sannu da hanya, Sarkin Kiɗa. Kai da kake shiga ko'ina, ba ka ji labarin maigidan ba?"

Ya dubi fuskarta, ya dubi 'yan matan nan uku da suka leƙo ta bayanta, sai bakinsa ya ƙi. "Ana nan ana cigiya," ya ce. Ya sha ruwan, ya ci tuwo, ya tafi da gangarsa a ɗaure. Tsoro ne ya hana shi, ko da yake shi tausayi ya kira abin.

Da bazara ya sake dawowa, ta sake tambaya, ya sake ba ta amsar nan. A zuwa na uku, farkon damina, ya tarar ta rame ta yi baƙi, muryarta ma da ƙyar take fita. A nan ne ya yi kuskuren da ya fi na baya. Ya ga in bai ba ta wani abin riƙewa ba za ta faɗi, sai ya ce, "An ce an ga mai kama da shi wajen Faskari, cikin waɗanda ake sa wa aiki. Da ransa."

Rabi ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta tashi ta yanka masa kaza. Yana cikin ci ta ce, "Ai kuwa ba zai dawo ya tarar da gonarsa ta zama jeji ba. Mutumin da ba a taɓa riga shi shuka ba? Gobe zan kai iri."

"Rabi, gonar bakin daji? Maza ma sun bar ta."

"Da sassafe zan riƙa zuwa, kafin hantsi na dawo. Ba komai, Sarkin Kiɗa, ci kazarka."

Ya ci. Allah Ya sani ya cinye ta tas, ya hau babur ɗinsa.

Sati shida ya yi yana yawo da maganar a ƙirjinsa. Ya yi biki a Bakori, ya yi suna biyu a wajen Ƙafur, ya kwana uku a rumfar wani mai faci da babur ya ƙi tafiya. Duk inda ya ga mace da fartanya a kafaɗa sai ya kawar da kai. Hannunsa ma ya soma ba shi kunya, yana cikin kiɗan amarya sai ya ji taken Haladu yana neman kutsowa. Ranar da ya ji a tashar Tsiga ana cewa an sake ganin babura a gefen daji, ya ce ya isa. Tunda baki ya gaza, ganga za ta faɗa.

Ya isa Unguwar Ɗorawa da hantsi. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a ƙofar gidan, ya cire tsumman ya yar, ya kaɗa taken da cikakken sauti, a hankali. Mutane suka fara fitowa daga gidajensu, dattawa suna sunkuyar da kai, don sun san abin da ake yi. Ya kaɗa na biyu. A na uku ya yanke a tsakiya, ya tsaya yana jiran Rabi ta fito ta zage shi, ko ta jefe shi da abin da ke hannunta. Ya shirya wa hakan, har ma yana so.

Inno ce ta fito, tana laluben bango, ƙaramar jikarta riƙe da zanenta.

"Maikuɗi ne? Na ji. Yaron nan ya tafi ke nan." Ba ta yi kuka ba. "Yaushe ka sani?"

Yana iya cewa jiya, ba mai ƙaryata shi. "Tun bara, Inno. Wata biyu da ɗauke shi."



"To wa kake kaɗa wa?" ta ce. "Rabi ta tafi maimai a gonar bakin daji tun ranar Laraba, ba ta dawo ba. An samo fartanyarta da takalmi ɗaya. Na hana ta, na hana ta har na gaji. Ta ce ai kai da bakinka ka ce mata yana nan da rai."